Dillalin Da Ba Ya Cin La'ada: Binciken Katalis Da Katangun Jami'o'inmu

Duk wanda ya sayi mota 'yar Kwatano a Legas, akwai kunnen da ake ja masa tun kafin ya yi mata lamba: kada ka yarda ka bar bakanike shi kaɗai da salansarka, zai zare maka indomi. Ni ma an ja mini, ban ji ba. Wata Asabar na kai tawa wani gareji a nan Agege saboda 'yar ƙara da take yi ta ƙasa, na tafi sallar la'asar na dawo, aka ce an ɗaure abin da ya kwance. Ba a yi kwana biyu ba wutar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, hayaƙin kuma ya koma wari mai hawa kai. Bakanike na biyu da na kai wa ya kwanta ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa tukunyar salansar da sifana, ya ɗago yana dariya. "Alhaji, ai an yashe ka. Gwangwani kawai aka bar maka."

Indomin nan ba abin da ya haɗa shi da abinci sai kama. Wani curin tangaran ne mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe cikin ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka abin da ke cikin tukunya ɗaya bai wuce 'yan giram ba, amma a 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 kan oza guda, ya ninka zinare fiye da sau goma. Shi ya sa masu sayensa ba sa raba ƙafa da garejoji da kasuwannin kayan mota irin su Ladipo. Aikinsa a mota shi ne, idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ramukan, iskar nan mai guba da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki sai ta rikiɗe ta koma wadda ba ta wannan kisan, ragowar man da bai ƙone ba kuma ya ƙarasa ƙonewa. Ƙarfen da ya haddasa wannan duka kuwa yana nan yadda yake. Mota za ta shekara goma tana gudu bai ƙare ba.

Masana suna ce wa irin wannan abu katalis, sunan da ya samo asali daga kalmar da wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Berzelius, ya raɗa a 1835. Ni in zan yi wa mutanenmu bayani, dillali nake cewa. Je ka kara a Oko-Oba da sassafe ka tsaya ka gani. Mai sa yana son sayarwa, mahauci yana son saye, kuɗin da zai gamsar da kowa akwai shi, amma in ka bar su su biyu sai rana ta take ba a yi ciniki ba, wannan na gudun a kwashe masa kaya a arha, wancan na gudun a tsuga masa. Dillali ya zo ya riƙe hannun wannan, ya ja wancan gefe ya yi masa raɗa, kafin ka ankara an sallama. Shi bai zama sa ba, bai zama kuɗi ba. Ya karkaɗe riga ya nufi ciniki na gaba.

Sinadarai ma haka suke. Biyu za su iya haɗuwa su ba da sabon abu, amma akwai tudun da sai an haura kafin haɗuwar, wani lokaci tudun ya yi tsawon da sai an shekara dubu ana jira. Katalis yana buɗe wata hanya ta kwari. Sai dai kamar yadda dillali ba ya iya ƙulla cinikin da aljihun mai saye ba zai taɓa kaiwa ba, katalis ba ya sa abin da ba zai yiwu ba ya yiwu, gaggauta mai yiwuwa kawai yake yi. Akwai kuma wata ƙa'ida da ake jingina wa Bafaranshe Paul Sabatier, wanda ya samu kyautar Nobel a 1912: dole katalis ya kama sinadari, amma kamun tsaka-tsaki. In kamun ya yi sako-sako sinadarin ya zille ba a yi komai ba. In ya yi tsauri ya ƙi saki, wuri ya toshe, na baya ba su samu shiga ba. Duk wanda ya san dillalin da ke liƙe wa mai saye ɗaya tun safe har azahar ya gane wannan. Bambancinsu shi ne katalis ba ya cin la'ada, ko da yake yana gajiya, yana datti, ana kuma iya sa masa guba ya mutu murus. Man fetur mai dalma da aka daina sayarwa a duniya, ɗaya daga cikin laifuffukansa ke nan, yana kashe indomi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Matar da ke zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a cikin kunun zaƙi ya tsinke ya yi zaƙi, da Bafulatanar da ke sa ruwan tumfafiya a madara ta daskare, da mai naɗe nama da ganyen gwanda don ya yi laushi, duk katalis na halitta suke sa wa aiki. A masana'antu kuwa ana ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kayan sinadarai sai sun bi ta hannun katalis a wani mataki kafin su fito.

Abin da ya sa maganar ta zama ta Legas yanzu shi ne Ibeju-Lekki, yankin da Dangote ya kafa masana'antunsa a gabashin garin. A watan Maris na 2022 aka ƙaddamar da masana'antar takin Dangote mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. A watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da matatar mansa mai tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Direbobin tanka 'yan uwanmu da ke kwana a layi a can suna ganin hasumiyoyi da bututai da wutar da ke ci a sama, amma zuciyar wurin tana cikin tukwanen ƙarfe a rufe, kuma gari ne da 'yan ƙwallaye. Nikel ne ke raba iskar gas da tururi a samu haidirojin. Baƙin ƙarfe ne ke aurar da haidirojin da naitirojin na iska a samu amoniya, uwar taki. Wasu ƙarafan ke tsame farar wuta daga dizal. Filatinam ke ƙara wa fetur ƙarfi. Robar da ake saƙa buhun shinkafa da ita, ake yin bokiti da kujerar biki, katalis irin na Ziegler da Natta, waɗanda suka samu Nobel a 1963, shi ke ƙulla ta. Dukkan waɗannan daga waje ake shigo da su, da dala.

To ga babban mai saye ya zo ya kafa rumfa a ƙofar gida. A cikin garin nan akwai Jami'ar Legas a Akoka tun 1962, akwai Jami'ar Jihar Legas a Ojo tun 1983, akwai kwalejin fasaha ta Yaba, akwai cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a Oshodi tun 1956. Me ya hana ciniki?

Ɗan ƙanwata ne ya ba ni rabin amsar, wata rana da ya zo cin tuwon dare. Yana digiri na biyu a fannin sinadarai a ɗaya daga cikin jami'o'in garin nan. Ya zaro wata 'yar kwalba daga jakarsa ya ajiye a kan tabarma, farin gari ne a ciki kamar na alli. Ya ce farar ƙasa ce aka kawo masa daga Ƙanƙara, ya wanke ta, ya gasa a tanderu, ya dafa ta da soda na tsawon sa'o'i, yana fata ta zama abin da ake kira ziyolait, wani katalis da matatu ke farfasa mai da shi.

Na ce, "To ta zama?"

"Wallahi Kawu ban sani ba. Da ido ba ka bambanta ta da garin rogo."

Na'urar da za ta haska garin ta nuna yadda ƙwayoyinsa suka jeru tana wani sashe, kuma mai mabuɗin ɗakin ba ya cikin masu duba aikinsa, don haka sai an bi ta takarda, takardar kuma ta kwana uku a tebur ɗaya. Na'urar da ke auna yawan ramukan da ke cikin garin tana wata tsangaya, tana nan lafiya lau an lulluɓe ta da leda, ruwan naitirojin mai tsananin sanyi da take buƙata ne babu mai biya. 'Yar tukunyar gwaji da zai zuba garin ya tura masa mai ya ga ko zai fasa shi tana wajen injiniyoyi, su kuma ba su san da zamansa ba. Wata bakwai ke nan yana yawo da kwalbar.

Mai karatu zai ce ai wannan tsohon labarin rashin kayan aiki ne. Ba shi ba ne. Kayan suna nan, a warwatse suke. Kuma katalis, fiye da yawancin fannonin kimiyya, abu ne da tun asalinsa bai taɓa zama mallakar fanni ɗaya ba. Tarihin takin zamani ya ishe mu misali.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin da shuka ta fi buƙata, amma a ɗaure yake ƙulli mai tauri, shuka ba ta iya kwance shi daga iska. A 1909 wani malamin jami'a a Karlsruhe ta Jamus, Fritz Haber, ya nuna ana iya kwance ƙullin a samu amoniya. Shi masanin lissafin zafi da matsi ne. Na'urar da ya yi nunin da ita kuwa, mataimakinsa Bature ɗan Birtaniya, Robert Le Rossignol, shi ya yi aikin ƙera ta yadda za ta jure matsin. Amoniyar tana ɗiga ne ɗigo-ɗigo, kuma katalis ɗin da ya yi amfani da shi, osmiyam, ƙarfe ne da duk duniya ba a da shi da yawa. Da a nan aka tsaya, da an samu maƙala mai kyau da ƙarin girma, shi ke nan.

Kamfanin sinadarai na BASF a Jamus ya karɓi aikin ya raba shi biyu. Alwin Mittasch ya zauna da mutanensa suna gwada abubuwa ɗaya bayan ɗaya, gwaji dubbai, har suka faɗa kan wani dutsen ƙarfe daga Suwidin da ya yi aiki fiye da tsantsar ƙarfe. Da suka bincika sai suka tarar ɗan gaurayen da ke cikinsa ne sirrin, wato dattin da wani zai so ya wanke. Daga nan aka gane haɗa baƙin ƙarfe da ɗan alumina da ɗan fotash, haɗin da har yau shi ne ginshiƙin yawancin masana'antun amoniya. Shi kuma Carl Bosch aka ba shi girman tukunya. Tukwanen farko fashewa suka riƙa yi bayan 'yan kwanaki. Da Bosch masanin sinadarai ne kawai da ya ɗauka zafin ne ya yi yawa. Amma ya yi karatun ƙarfe da ƙira kafin ya koma sinadarai, don haka ya yanki ɓarin tukunyar ya goge ya duba, ya ga haidirojin ne ke kutsawa cikin ƙarfen yana cinye gawayin da ke ba shi ƙarfi, ya bar shi da gautsi. Sai ya yi wa tukunyar riga biyu: ta ciki ƙarfe mai taushi da ba ruwansa da wannan cuta, ta waje ƙarfe mai ƙarfi da aka huda wa ƙananan ƙofofi don iskar da ta tsallako ta fice. A 1913 masana'antar farko ta fara aiki a Oppau. Haber ya samu Nobel ta 1918, Bosch ta 1931. Ba zan wuce ba sai na faɗa cewa wannan Haber ɗin shi ne ya jagoranci amfani da iskar guba a fagen yaƙi a 1915, don kada a ɗauka labarin waliyyai nake bayarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, an shafe shekaru sama da 60 ana zuba taki a gonakin duniya ba wanda ya san takamaimai abin da ke faruwa a bisa fuskar ƙarfen nan. Sai a shekarun 1970 Gerhard Ertl, wanda asalin karatunsa fiziks ne, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya da na'urorin duba fuskar ƙarfe, aka ba shi Nobel a 2007. Ƙirga su: mai lissafi, maƙeri, mai gwaji, masanin ƙarfe, masanin fiziks. Cire ɗaya daga huɗun farko, babu buhun yuriya a Dawanau.

Mu dawo kan kwalbar yaron nan, don abin da yake nema ba wasa ba ne. Ɗanyen mai in an tafasa shi, kaso kaɗan ne ke fitowa fetur da kansa. Saura mai nauyi ne, sai an farfasa dogayen ƙwayoyinsa. Injiniya Bafaranshe Eugene Houdry ne ya fara yin haka da katalis na yumɓu a shekarun 1930 a Amurka. A 1942 aka kunna sabon salo a matatar garin Baton Rouge na Amurka, wanda shawarar malaman jami'ar MIT biyu, Warren Lewis da Edwin Gilliland, ta taimaka wajen samar da shi: a mai da katalis ɗin gari mai laushi, a hura shi ya riƙa gudana kamar ruwa. Garin yana haɗuwa da mai a zafin da ya haura digiri 500, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya farfasa shi, ya fito baƙi ƙirin da gawayi, a tura shi wata tukunya a ƙone gawayin a zafin kusan digiri 700, ya dawo fari ya sake shiga. Haka yake zagaye dare da rana. A shekarun 1960 aka sa ziyolait a cikin garin, yawan fetur da ake samu daga ganga ya yi tsalle. Ziyolait dutse ne mai ramuka ƙanana ainun, jere reras. In da za a shimfiɗe bangon ramukan da ke cikin giram 10 nasa, zai kusa rufe filin ƙwallo.

Farar ƙasa tana cikin manyan kayan haɗin wannan gari, har akwai kamfanin da ke tsirar da ziyolait ɗin a cikin ƙwallayen farar ƙasa kai tsaye. Mu kuma muna da ita a Ƙanƙara ta Katsina, da Alƙaleri ta Bauchi, da wurare a Ogun da Kogi. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da tallafin PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, ya daɗe yana aiki kan mai da farar ƙasar Ƙanƙara ziyolait, kuma sun yi abin a yaba. Amma tsakanin giram a kwalba da tan a tirela akwai tambayoyin da masanin sinadarai ba zai amsa shi kaɗai ba. Ramin da aka haƙo ƙasar yau, shin yashinsa da tsatsarsa daidai suke da na ramin da za a haƙa baɗi? Wannan ta masanin ma'adinai ce. Farar ƙasa ba ta da isasshen silika don irin ziyolait da matata ke so, sai an ƙara, kuma tokar ɓuntun shinkafa da ke tule a bayan injinan Kano da Kebbi cike take da shi, amma wa zai tabbatar da tsabtarta? Ƙwayoyin garin dole su zama dunƙulallu masu kusan girma ɗaya, kuma masu taurin da za su jure gogayya, in ba haka ba su niƙe su bi hayaƙi. Wannan ta injiniya ce. Mai nauyi yana ɗauke da nikel da banadiyam, masu sa wa garin guba a hankali. Yaya zai yi bayan wata uku yana shan tururi da wuta? Sannan mai lissafin kuɗi ya zo ya ce, in an haɗa kuɗin soda da wuta da dako daga Katsina zuwa Lekki, ya fi na jirgin ruwa arha?

Ba zan ja muku karin maganar hannu ɗaya da jinka ba, an ja ta a wuraren sa hannu kan yarjejeniya har ta gaji. Jami'o'inmu ba su rasa yarjejeniyoyi ba. Shugabanni su yi musabaha, a ɗauki hoto, a yi musayar fayil, a watse. Abin da ke hana aiki yana ƙasa da haka, a inda ba a ɗaukar hoto. A jami'o'i da dama, makin ƙarin girma ya fi yawa ga wanda ya rubuta maƙala shi kaɗai ko sunansa ya zo farko, don haka malamin da ya ba da wata shida yana auna wa wani samfur ya yi asara a lissafi. Na'ura in an saye ta da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na wani tallafi, sai ta zama ta sashen da aka ajiye ta, wani lokaci ma ta mutum ɗaya. Ana ware kuɗin saye, ba a ware na gas da kayan gyara da horar da ma'aikacin da zai riƙe ta, shi kuwa ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda a ƙasashen da abin ya ci gaba ake lallaɓa shi kamar ƙwai, a nan ɗan aike ake ɗaukar sa. Ga wuta. Gwajin katalis na gaskiya sai an bar tukunya tana aiki ɗaruruwan sa'o'i ba tsayawa. In an ɗauke wuta a sa'a ta 40, ba ci gaba za ka yi ba, sabon lale ne. Ga kuma yajin aiki: a 2022 wata takwas jami'o'in tarayya suna rufe.

Waɗanda suka yi nisa ba halin kirki suka fi mu ba. Malamansu ma akwai kishi da rowar mabuɗi. Tsari suka yi wanda ya sa haɗuwa ta fi rabuwa riba. A Birtaniya, a 2013, aka kafa UK Catalysis Hub, aka ba ta mazauni a Harwell, ba a harabar wata jami'a ba, kusa da babbar na'urar haske ta Diamond wadda ke ba mai bincike damar leƙa katalis yana tsakiyar aiki. Jami'o'i gommai ke turo mutanensu, kuma ana tsara ayyukan ne yadda za su haɗa ƙungiyoyi daga wurare daban-daban. A Balin ta Jamus, a 2007 jami'o'in birnin da ta Potsdam da cibiyoyin bincike na Max Planck suka haɗa masu katalis na ƙarfe da masu na halitta a inuwa ɗaya. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta kafa cibiyar c*change a 2004, mazauninta Jami'ar Cape Town, membobinta daga jami'o'i daban-daban, ga kamfanin Sasol a gefe da tun 1955 yake mai da kwal man mota, yana kawo musu matsaloli na gaske. Fasahar Sasol ɗin ce ma ke aiki a masana'antar mai da gas dizal da ke Escravos a jihar Delta. Irin na'urar Diamond kuwa babu ko ɗaya a duk Afirka, alhali Jodan ta buɗe ta haɗin gwiwar ƙasashen yankinta a 2017.

Wannan tsari bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushen Legas ba. Kakanninmu da suka zauna Agege kan cinikin goro, da masu kawo shanu, ba da yarjejeniya suka riƙe hanyar kilomita 1,000 ba. Fatoma suke da shi. Gidansa masauki ne, ya ajiye maka kaya, ya san wanda ke biya da wanda ke gudu, ya tsaya maka in an ba da bashi, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk baƙon da ya bi ƙa'ida. Abin da binciken katalis ke nema a garin nan ke nan: ɗaki ɗaya da ba na kowane sashe ba, mai wutar da ba ta yankewa, da ma'aikata masu albashi mai kyau, da jerin farashi a manne a ƙofa, da layin da ɗalibi daga Ojo ko Zariya ko Minna zai shiga ba sai ya san wani ba.

Sai dai ina da saɓani da masu cewa a tilasta wa matata ta sayi garin gida don kishin ƙasa. Ba mai hankalin da zai zuba garin da ba a gama gwadawa ba cikin tukunyar da tsayuwarta ta kwana ɗaya asarar miliyoyin daloli ce. Kamfanonin da ke wannan sana'a a duniya 'yan ƙalilan ne, irin su Grace da BASF da Ketjen da Sinopec, kuma ba gari kawai suke sayarwa ba, suna sayar da shekaru masu yawa na sanin halinsa. Lokacin ma da abin ke ci sai an yi haƙuri. Graham Hutchings, masanin sinadarai ɗan Birtaniya, yana aiki a Afirka ta Kudu ya gano zinare zai iya maye gurbin zaiba wajen haɗa sinadarin robar bututun ruwa, ya wallafa a 1985, amma sai bayan kimanin shekara 30 aka fara amfani da shi a masana'anta a Sin. Tallafin shekara biyu ba ya haifar da irin wannan.

A ganina ƙofar shiga tana ta baya, wajen shara. Matata irin ta Lekki kullum tana ƙara sabon gari tana fitar da tsoho, kuma dole a riƙa auna wanda ke cikin tukunya a san yawan gubar da ya sha da sauran ƙarfinsa. Ɗakin gwajin da ya iya wannan awon, sakamakonsa ya riƙa dacewa da na waje sau ɗari a jere, ya samu abin da ya fi tallafi, ya samu yarda. Tsohon garin da ake fitarwa, bincike a wurare da dama ya nuna yana shiga haɗin siminti, ga aiki ga injiniyan gini. Ziyolait ɗin da bai kai na matata ba yana iya tace ruwa ko shiga garin sabulu, kasuwar da kuskure a cikinta ba ya tsayar da ƙasa. Sannan ga indomin nan. Ana tara shi a lungunan Legas, a farfasa, a ɗura a buhu, a fitar da shi waje inda ake narka shi a tsamo ƙarafan. Mai tarawa a nan ba shi da hanyar sanin giram nawa ke cikin buhunsa sai abin da mai saye ya faɗa masa. Awon da zai gaya masa gaskiya aikin masanin sinadarai ne da masanin ƙarfe, kuma akwai mai biya tun yau.

Shi dai yaron nan bai jira ɗakin fatoma ba. Wani abokin karatunsa a Zariya ya samo masa layi a wata na'ura a can. Ranar Talata da asuba na raka shi Mile 12, ya raba garin biyu, ya naɗe rabi a leda uku ya sa a ambulan, ya miƙa wa wani direban tirela ɗan garinmu da ya sauke albasa zai koma. Direban ya jujjuya ambulan ɗin, ya shinshina, ya dube ni.

"Alhaji, ba dai abin da zai sa a tsare ni a hanya ba ne ko?"

"Ƙasa ce, Malam. Ƙasar Ƙanƙara."

Ya yi shiru, ya sake duban yaron. "Daga can aka kawo ta nan, yanzu kuma za a mai da ta can?" Ya cusa ambulan ɗin a aljihun gaba tare da takardun mota, ya ce in Allah ya kai su lafiya jibi da yamma a kira shi a Kwangila.